Kafin ka zaɓi rumbun bayanai, tambayi yadda ake maido da shi

Duk mai tallar manhaja zai nuna maka yadda ake shigar da bayanai. Kai kuwa ka ce ya nuna maka yadda ake dawo da su ranar da kwamfuta ta mutu.

In ƙaramin shago ne mai kwamfuta ɗaya, rumbun bayanai na SQLite ya isa. Duk rumbun fayil guda ne, ka kwafe shi a filashi shi ke nan. Sai dai ka rufe manhajar tukuna, don kwafin da aka ɗauka ana tsakar rubutu yakan fito a lalace.

MySQL shi ne na kowa, kusan duk masu ba da hayar gurbin shafin intanet suna da shi, kuma manhajarsa ta mysqldump na fitar da kwafi cikin sauƙi. Rigimarsa sai wajen maidowa. Na taɓa ɗora wa wata makaranta sunayen ɗalibai a sabon rumbu, sai ga Ɗanjuma ya koma ?anjuma, duk ƙ da ɗ da ɓ sun zama alamar tambaya. Ashe da latin1 aka ƙirƙiri rumbun, wanda shi ne tsarin haruffan da MySQL 5.7 ke zuwa da shi, kuma bai san haruffanmu masu ƙugiya ba. Sigar 8.0 ta 2018 ce ta koma utf8mb4, tsarin da ya san haruffanmu. To ita ma da nata: kwafinta yakan ƙi shiga MySQL 5.7, ya tsaya yana kukan bai san sabuwar ƙa'idar jera haruffa ta utf8mb4_0900_ai_ci ba. Kuma in fayil ya yi nauyi, kada ka wahalar da kanka da phpMyAdmin, wato shafin da ake sarrafa MySQL ta cikinsa, don iyakar lodi ta asali ta PHP, harshen da aka gina shi da shi, megabait 2 ce kacal.

SQL Server Express na Microsoft kyauta ne, amma kyautar da sharaɗi. A sigar 2022 rumbu ba ya wuce gigabait 10, babu SQL Server Agent mai ɗaukar kwafi da kansa kowane dare, sannan kwafin sabuwar siga ba ya buɗuwa a tsohuwa ko kusa.

Ni dai in akwai mai kula da shi, PostgreSQL nake zaɓa. Da manhajojinsa, pg_dump mai ɗaukar kwafi da pg_restore mai maidowa, kana iya ciro tebur ɗaya tak ka maido, ba sai ka taɓa sauran ba. Ka dai tuna pg_dump ba ya kwaso asusun masu shiga, wannan aikin pg_dumpall ne.