Kantin maganin da ya ƙi sayar mini da magani

Wata bakwai ke nan ina zarya tsakanin Mabera da wani kantin magani da ke kan hanyar asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Abokan aikina a makaranta da matan unguwa sun dame ni da tambayar inda nake samo maganin Baba, to gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba zan kama sunan kantin ba, don akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ba na son a ce 'yar wane ta ɓata wa mutane kasuwa.

Baba yana da ciwon hanta nau'in B. Ya daɗe a jikinsa ba a sani ba, har hantar ta tsuke ta yi tabo. Kumburin ciki da na ƙafa mun saba da su. Abin da ba mu taɓa ji ba shi ne ciwon hanta yana hawa kai. Bara da kaka sai ya fara kwana ido biyu, da rana kuma ya yi ta sharar barci. Mutumin da ya shekara arba'in yana cinikin fatar jan akuya, yana lissafi da ka, sai ga shi ya kasa ƙirga canjin dubu ɗaya. Wata rana ya kabbara Magariba ya yi ta tashi yana zama babu sallama, da ya gama ya dube ni ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ina firamare. Inna ta ce iska ne. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, kwana biyu. Ran na uku muka yi ta tashinsa bai tashi ba.

A asibiti, da ya ɗan dawo hayyacinsa, likita ya ce ya miƙe hannuwa gaba, ya ɗaga tafin kamar ɗan sanda mai tsaida mota. Ina tsaye ina kallo hannun ya riƙa faɗuwa yana tashi, fat, fat, kamar fiffiken tantabarar da aka riƙe wa ƙafa. Likitan ya ce mini dafi ne daga hanji. Ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a hanjin kowa suna fitar da amoniya. Lafiyayyar hanta takan kama ta, ta mai da ita yuriya, sunan nan dai da manoma suka sani a buhun taki, sai ta fita a fitsari. Hantar da ta tsuke ba ta iyawa, jini ya kwashi dafin ya wuce da shi ƙwaƙwalwa. Aka sallame mu da lactulose, ruwan nan mai kauri da zaƙi, aka ce ya sha gwargwadon da zai sa shi bayan gida mai laushi sau biyu zuwa uku a rana. Duk da haka bayan mako shida ruɗewar ta dawo. Nan ne likita ya ƙara masa rifaximin, miligiram 550, ɗaya da safe ɗaya da dare.

Saura ƙiris mu yi wa Baba lahani da hannunmu. Ƙanena ya ɗauki takardar ya hau kabu-kabu, ya zaga kanti huɗu babu. Da ya gaji sai ya tsaya wani kemis na cikin unguwa. Mai kemis ya ga rubutun likita ya fara da "rif", ya ce akwai, ɗan'uwansa ne, ya ma fi araha. Ya ba shi kati ɗaya na jan kafso. Baba ya sha kwana huɗu. Fitsarinsa ya koma kamar ruwan lalle, muka ce ai magani ne yake wanke ciwo.

Da katin ya kusa ƙarewa na ce bari in je babban kanti da kaina, ko za a yi mini rangwame in na sayi na wata guda. Ban ɗauki takarda ba, katin kawai na jefa a jaka. Lokacin hunturu ne, na iso duk hazo ya yi mini fari a gira. Na ajiye katin a kan gilashin kanta na ce a ba ni irinsa shida. Yaron da ke gaba ya juya zai ɗauko, sai wani dattijo mai farar riga a kan kaftani ya miƙo hannu daga gefe ya ɗauki katin. Ya juya bayansa, ya ɗaga tabarau, ya karanta.

"Malama, wa ka shan wanga?"

"Babana."

"Tari shikai?"

"A'a, hanta ce."

Ya ajiye katin a hankali, amma bai ɗauke yatsansa daga kai ba. "To ba ni sai da miki shi. Ina takardar likita?"

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce Malam daga Mabera nake, kuɗina zan biya, ba bashi na zo ci ba. Bai tanka ba, ya ce a turo hoton takardar ta WhatsApp, zai jira. Da hoton ya shigo ya buɗa shi da yatsu biyu, ya jawo wani tsohon rasit ya rubuta sunaye biyu a bayansa, ɗaya bisa ɗaya: rifampicin, rifaximin. Ya ja layi a ƙarƙashin tsakiyar kowanne. Na sama, in ji shi, maganin tarin fuka ne, yana shiga jini sosai, hanta ce take aikinsa, kuma ko mai lafiyayyar hanta sai ana sa masa ido in yana sha. Shi ne ke rina fitsari. Na ƙasa a hanji yake tsayawa, ɗan abin da ke ratsawa zuwa jini kaɗan ne, aikinsa rage ƙwayoyin da ke haɗa amoniya. Ya ce a tsai da jan kafson, kuma kada in fara sabon sai na koma asibiti a ranar an duba jinin hanta. Ko kwabo ban kashe a kantin ba ran nan. Ƙafafuna rawa suke yi da na fito. Allah ya rufa asiri, gwajin bai nuna ƙarin ɓarna ba. Rasit ɗin yana nan cikin jakata har yau.

Shi maganin, na gaskiyar, in aka tambaye ni zan ce yana aiki. Cikin wata bakwai sau ɗaya Baba ya ruɗe, kuma laifin ba na ƙwayar ba ne. Cikin zafin Afrilu ne, lokacin da garin nan ke wuce digiri 40. Ashe Baba ya daina shan lactulose a ɓoye, wai yana kunyar alwala ta riƙa karye masa a jam'i, yana ganin tunda ga ƙwaya mai tsada ai ta wadatar. Kwana biyu bai zagaya ba, ga zufa, ga maganin fitsarin da yake sha saboda kumburi ya ƙara tsotse masa ruwan jiki. Sai ga shi da tsakar dare yana neman takalmi zai tafi kasuwa. Kwana uku muka yi a gadon asibiti. Da na ba dattijon nan labari ya ce su biyun tafiyarsu ɗaya, ɗaya yana rage masu yin dafin, ɗaya yana share shi waje. Daga baya na bi na karanta da kaina: a 2010 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da rifaximin don wannan larura, bayan gwaji a kan mutum 299 na wata shida. Cikin masu shan sa kashi 22 cikin ɗari ne ruɗewar ta dawo musu, waɗanda ba su sha ba kuwa kashi 46. Kuma fiye da kashi 90 na mutanen duka suna shan lactulose a lokacin. Wato ko can inda aka gwada shi, ba shi kaɗai aka sake shi ba. Kuma ba ya warkar da hanta, kada wani ya sai da gona da wannan tsammanin. Tenofovir ɗin da Baba ke sha saboda ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B yana nan, kowa da aikinsa.

Matsalar da rifaximin ya kawo wa Baba ba ta wuce ɗan tashin zuciya a makon farko ba. Ana shansa da abinci ko babu. In ya manta na safe ba ma haɗa masa biyu da dare. An ja mini kunne cewa in zawo ya ɓarke kamar ruwa, da zazzaɓi ko jini, kada in ce aikin lactulose ne in zauna, don maganin kashe ƙwayoyin cuta yakan buɗe ƙofa ga wata muguwar ƙwayar hanji. Bayan gida baƙi kamar kwalta ko aman jini kuwa, ko ƙarfe nawa ne sai asibiti.

Abin da ya sa na manne wa kantin shi ne irin waɗannan maganganun da ba a biyan kuɗinsu. Ranar da Inna ta aiko a sayo wa Baba maganin barci, tunda ba ya runtsawa, dattijon ya hana, ya ce diazepam da tramadol da maganin tari mai kodin suna iya jefa mai irin wannan hanta cikin dogon suma. Diclofenac da ibuprofen ma ya ce a fitar da su daga ɗakin, saboda ƙoda da zubar jini a ciki. Jiƙe-jiƙen masu lasifika a bakin kasuwa kuwa, hannu kawai ya ɗaga. Wani wata da aljihu ya yi zafi na tambaye shi ko babu mai sauƙi, na ji an ce Flagyl ma yana yi. Ya ce likitoci kan ba da shi na ɗan lokaci, amma in aka daɗe ana sha yana kashe jijiyoyin ƙafa, neomycin kuma, wani maganin kashe ƙwayoyin cutar da akan yi amfani da shi don haka, yana taɓa ƙoda da ji. In zan canja in koma wurin wanda ya rubuta. Shi ne ma ya ce in tambayi likita batun nama, da ya ji dangi sun hana Baba duk wani abu mai gina jiki har ya fara zubewa. Likita ya ce a ba shi wake, ƙwai, nono, awara, nama daidai gwargwado, a rage gishiri, kuma kada ya kwanta da yunwa. Azumi ma ya hana shi bana, ciyarwa muka yi, Baba yana ta ƙunƙuni.

Wurin da sanyi, sola gare su, ba irin kemis ɗin da magani ke gasuwa a ƙarƙashin kwano ba. Sukan nuna maka lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki kafin su sa a leda, su ba ka rasit, lasisin mai kantin kuma yana rataye inda kowa zai gani.

Yanzu ƙorafi. Tsada, ba ƙarama ba. Ƙwaya sittin ce a wata, kuma ni malamar makaranta ce. In ba don yayana da ke Kaduna yana turo rabi ba, da tuni mun ajiye. Ba sa ragi, ba sa ba da bashi ko na kwana ɗaya, duk da sun san fuskata sun san ta ƙanena. Sau biyu na je aka ce ya ƙare, sai an aiko daga Kano, kwana biyar ina bin kantuna ina tsintar kati ɗaya nan ɗaya can. Maganin da aka ce kada a yi fashinsa, kuma sun san mutum nawa ke saye duk wata, me zai hana su ajiye? Na faɗa musu a gabansu. Sai abin da ya fi ba ni haushi: dattijon ba ya wuce La'asar. Wani dare na je, yaron da ke tsaron kanta ya miƙo mini mai miligiram 400 yana cewa duk ɗaya ne, kamfani ne ya bambanta. Da ban koyi juya kati in karanta bayansa ba, da na tafi da shi. Washegari na kai ƙara, aka ba ni haƙuri, amma yaron yana nan, kuma ban ga alamar an zaunar da shi an koya masa ba. Kujera ɗaya ce tak ga masu jira, na'urar POS ɗinsu kuma sai ta ga dama.

Dabarar da na koma yi ita ce in kira su tun saura kwana goma ya ƙare, in tura rabin kuɗi a ajiye mini, in je da hantsi lokacin da dattijon yake nan, da takardar likita a hannu ko da ta yi laushi don ninkewa.

Kullum da safe kafin in fita, Baba yakan miƙa mini hannuwansa in duba ko suna kaɗawa, sannan ya sa hannu a wani littafin rubutu da na ware, don rubutu na cikin abin da ke fara karkacewa. Jiya ya sa hannun, ya karɓi cokalin lactulose yana yatsina fuska, ya ce, "Uwata, wanga zuma taku ko ƙuda ba su bi nai." Ya shanye, ya tambaye ni nawa na sayo ƙwayar wannan karon. Na rage kuɗin da gangan. Ya yi shiru kaɗan, ya ninka da yatsu, ya ce lissafina bai cika ba.