OTM ko HIM: amsa ga Hajiya kan karatun 'yarta

Wa'alaikumus salam Hajiya. Tsakanin kwas ɗin gudanar da ofis da ake kira OTM da kwas ɗin adana bayanan asibiti da ake kira HIM, ki kai yarinyar nan HIM. Ni a sashen rakod na asibiti nake aiki, shi na karanta, da shi nake ci da kaina, saboda haka ki san daga inda maganata ta fito. Ƙanena kuma OTM ya yi, ni na biya masa kuɗin makaranta, don haka shi ma na san cikinsa.

Kafin ki sayi fom ko ɗaya, ɗauko sakamakonta na WAEC ko NECO ki duba. Makarantun HIM suna neman kiredit biyar, kuma galibi Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fizis suke so. Idan ajin kimiyya ta yi kuma ta haɗa su, shi ke nan. Idan ajin kasuwanci ko na adabi ta yi, ƙofar HIM a rufe take sai ta sake zama jarrabawa, ita kuwa OTM za ta karɓe ta da Turanci da Lissafi da darussan kasuwanci. Iyaye da yawa suna ɓarnar kuɗin fom saboda ba su duba wannan tun farko ba.

Babban abin da ya raba su shi ne lasisi. Aikin rakod na asibiti yana da hukumarsa, HRORBN, wadda doka mai lamba 39 ta shekarar 1989 ta kafa. Ita ke tantance makarantu, ita ke yi wa ɗalibi rajista tun yana makaranta, ita ke shirya jarrabawar ƙwarewa, sannan ta ba da lasisin aiki. Idan asibitin gwamnati ya buɗe gurbin ma'aikacin rakod, masu wannan takarda ne ke layi, kuma layin bai kai na sauran ba tsawo. Idan kuwa aka ce ana neman sakatare ko ma'aikacin ofis, mai OTM zai tarar da mai digirin harkokin mulki, da mai digirin kasuwanci, da wanda ya yi wata uku a shagon kwamfuta, duk suna neman kujera ɗaya. Ba wata doka da ta keɓe masa ita.

Mutane suna ɗauka aikinmu yankar kati ne kawai. Yankar kati shi ne abin da ake gani ta taga. A makaranta za ta karanta sassan jikin ɗan Adam da yadda suke aiki, da kalmomin likitanci, don ta iya karanta abin da likita ya rubuta ta gane shi. Za ta koyi sanya wa kowace cuta lambarta bisa kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, wato ICD-10, wanda sabon bugunsa ICD-11 ya fara aiki a watan Janairun 2022. Za ta koyi ƙididdiga: mutum nawa aka kwantar a wata, gado nawa ya cika, kwana nawa majinyaci ke yi kafin a sallame shi, haihuwa nawa, rasuwa nawa. Waɗannan alƙaluma su ake shigarwa a manhajar DHIS2 duk wata, su tashi daga ƙaramin asibiti zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha, har Abuja. Duk lokacin da kika ji an ce cutar ƙyanda ko kwalara ta ƙaru a wani yanki, da hannun wani ma'aikacin rakod a cikin wannan labari. Har jera fayil ma ilimi ne. A manyan asibitoci da lambobin ƙarshe ake jerawa, ba na farko ba, don kada sababbin fayiloli su taru a kusurwa ɗaya ma'aikata su riƙa cin karo da juna.

Ga kuma inshorar lafiya. Tun da aka sa hannu kan dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, a 2022, ga tsare-tsaren jihohi irin su KSCHMA a Kano, asibitoci na gwamnati da na kuɗi suna buƙatar wanda ya iya cike takardun neman biya daidai, domin lamba ɗaya idan ta kuskure sai a ƙi biyan asibiti. Asibitocin da suke barin takarda suna komawa kwamfuta su ma mutanenmu suke nema.

Akwai ranar da ba na mantawa. An kawo wata dattijuwa daga ƙauye, jikinta ya yi tsanani, katinta ya ɓace tun da daɗewa, jikanta da ya rako ta bai san komai ba sai cewa ta taɓa kwanciya a wurinmu. Abu mai sauƙi shi ne in yankar mata sabon kati in tura ta. Sai na zaunar da yaron na tambaye shi sunan mijinta da sunan ƙauyensu da kusan lokacin da ta kwanta, na shiga katunan sunaye na bi su har na samo lambarta, na ciro tsohon fayil ɗin ya yi ƙura. A shafin farko an rubuta da jan biro cewa jikinta ba ya karɓar penisilin, ya taɓa tayar mata da kumburi da sarƙewar numfashi. Likitan da ke bakin aiki ya duba ya canza maganin da ya yi niyyar rubutawa. Bayan an sallame ta, ta sa jikan ya kawo ta har bakin tagarmu, ta kama hannuna tana ta sa mini albarka. Wallahi Hajiya, ranar na koma gida zuciyata fari ƙal. Irin wannan ladan nake yi wa 'yarki sha'awa.

OTM kuwa, ba zan ce ba shi da amfani ba. Shi ne tsohon kwas ɗin sakatarori da hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, ta sabunta a 2004, aka ƙara masa kwamfuta da sarrafa bayanai. Ana yin sa a Kaduna Poly da Kano Poly da sauransu, gurbinsa ya fi sauƙin samu, kuma mai shi zai iya aiki a makaranta ko kamfani ko ma'aikata, ko ya buɗe shagon buga takardu na kansa, abin da mai HIM ba zai yi da takardarsa ba. Ƙanena ya sha wahalar gajeren rubutun nan na sakatarori da ake ɗaukar magana da alamomi, har yau ba a taɓa neman sa a wurin aiki ba. Yana wata makarantar kuɗi yana buga jarrabawa da sakamakon ɗalibai, albashin bai taka kara ya karya ba. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Kada ki ɗauka HIM hutu ne. Asibiti ba ya rufewa, akwai aikin kwana a sashen gaggawa, akwai aikin ranar Sallah. Ma'aikacin rakod shi ne farkon wanda maras lafiya da danginsa ke tararwa, duk fushin layi da zafin ciwo a kansa ake saukewa, sai mai haƙuri. Sannan akwai riƙon sirri. Za ta ga sakamakon gwajin maƙwabciya, za ta ga fayil ɗin surukar wata, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana bayyana bayanan majinyaci ba da izini ba. Ke kika haife ta, kin fi kowa sanin ko bakinta na riƙe magana. Ɗaukar aiki a gwamnati ma ba kullum ake yi ba, da yawa cikinmu sun fara ne da aikin sa-kai ko na wucin gadi ko a asibitin kuɗi kafin su samu na dindindin.

Ba ki tambaye ni wannan ba, amma dole in faɗa, domin ya fi zaɓin kwas ɗin ma muhimmanci. Makarantun lafiya na bogi sun yi yawa. Mutum zai kama hayar gida mai ɗakuna kaɗan, ya kafa allo, ya ɗinka wa yara fararen kaya, ya sa talla a rediyo da Facebook cewa ana ɗaukar ɗalibai ko da kiredit bai cika ba, wai za a gyara daga baya. Yarinya ta shekara biyu ko uku, iyaye su sayar da abin hannunsu, ranar jarrabawar hukuma a ce babu sunanta domin ba a taɓa yi mata rajista ba. Na ga masu kuka a gabana da takardar da ba asibitin da zai karɓa. Araha ba ta ado, kuma yawancinsu ma ba arahar gare su ba.

Wata dabarar da suke yi ta fi wannan wayo. Makarantar tana da izini na gaske, amma na wani kwas daban, misali kiwon lafiyar al'umma, sai su nuna miki wannan takarda su ɗauki ɗaliban HIM a ƙarƙashinta. Izini na kowane kwas daban yake. Ki ce su nuna miki takardar HRORBN da ta NBTE mai ɗauke da sunan HIM ƙarara, sannan ki sa wani ya duba sunan makarantar a jerin da hukumomin biyu suke fitarwa. Ki tambaye su yaushe suke yi wa ɗalibai rajista da hukuma, kuma ɗalibansu na bara sun zauna jarrabawar lasisi ko ba su zauna ba. Ki nemi ɗaya daga cikin waɗanda suka gama ki ji daga bakinsa. Ki je da ƙafarki ki ga ɗakin kwamfutarsu da asibitin da suke tura ɗalibai koyon aiki. Idan difloma ta ƙasa ce, wato ND, gurbin ya bi ta JAMB, in ba haka ba za ta sha wuya ranar da ta gama babbar difloma, wato HND, tana neman tafiya bautar ƙasa. Duk wanda ya ce ki tura kuɗi asusunsa na kansa zai samo mata gurbi, ko zai samo mata takardar ɗaukar aiki, ki rabu da shi. Haka masu kwas ɗin wata shida da suke kira sakataren asibiti: za ta iya koyon wani abu a can, amma takardar ba ta kai mutum ga lasisi.

Inda hankalina ya fi kwanciya shi ne makarantun da ke cikin asibitocin koyarwa, domin ɗalibi yana karatu yana ganin aikin a gabansa. Akwai ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai ta ABUTH a Zariya, da ta UDUTH a Sakkwato, da ta UMTH a Maiduguri. Akwai kuma irin ta Shehu Idris da ke Makarfi. Shekara biyu ce ND, sai shekara ɗaya ta koyon aiki, sai HND shekara biyu. Ki ƙarfafa mata ta kai HND, domin matakin albashi da ƙarin girma a can suke bambanta.

Watannin da za ta yi tana jiran gurbi kada ta zauna haka. Ki sa ta a shagon kwamfuta na kusa da ku ta koyi buga rubutu da yatsu goma ba tare da kallon madannai ba, ta kuma koyi Word da Excel sosai, musamman Excel, don da shi za ta riƙa haɗa rahoton wata. Rabin abin da zai amfane ta daga OTM ta same shi ke nan da kuɗi kaɗan. Ki faɗo mana darussan da ta samu kiredit a kansu da jihar da kuke, in gaya miki makarantar da za ki fara bugawa ƙofa. Allah ya yi mata albarka, ya sa a dace.