Gargaɗi: na biya naira 48,000, aka aiko mini da gwaza

Har yau kunya ta hana ni faɗa wa maigidana ainihin kuɗin, amma ga shi na rubuta kowa ya gani. Naira 48,000 na tura wa wani mai tallar furanni a Instagram domin ya aiko mini da saiwar kaladiyam guda 40, tsiron nan ɗan asalin Kudancin Amurka mai ganye ja da fari da ruwan hoda. Niyyata in cika ƙarƙashin mangwaron tsakar gidanmu da shi, inda inuwa ta hana ciyawa fitowa, ragowar kuma in sa a tukwane.

Kada wani ya ce ban yi bincike ba. Na san kaladiyam yana zubar da ganye da rani, saiwar ta kwanta a ƙasa har damina, shi ya sa da ya ce saiwa kaɗai zai aiko ban ga abin zargi ba. Da bakinsa ya ce mini, "Hajiya, wallahi ko mahaifiyata ba zan ba ta wanda ya fi wannan ba." Wannan rantsuwar ce take ta dawo mini, domin yana rufe baki na tura 48,000 ɗin, ko ragi ban nema ba.

Bayan na shuka saiwar ganye ya fito, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta leƙo ta ce, "'Yar nan, gwaza kika shuka?" Kafin nan ma mai tallar ya riga ya toshe lambata, bayan ya ce in jira ganye na huɗu launi zai fito. Tun ranar da aka karɓo kwalin daga tasha na lura saiwar doguwa ce mai gashi-gashi, amma da yake na san gwaza da kaladiyam dangi ɗaya ne, sai na kawar da zargin. Kuɗin mota naira 3,000 ma ni na biya, ba ya cikin 48,000 ɗin.

Zan sa hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗi da yamma. Kada ku sayi saiwar da ba ku ga ganyenta a tukunya ba. Ni da na kwashe mako bakwai ina ba gwaza ruwa safe da yamma, irin wadda ake kasawa a kasuwar Yankaba, ban ma san yadda zan fara bayani ba idan maigidan ya tambaya.