Sharhi kan wuƙar da aka ƙera mini a Damagaram

Wanda ya ƙera mini wannan wuƙa malamin makaranta ne a nan Zinder, ɗan gidan maƙera, wanda ba ya hura wuta sai bayan la'asar da kuma ranakun Asabar da Lahadi. Ƙira tsohuwar sana'a ce a Damagaram, domin a zamanin Sarki Tanimun, cikin ƙarni na 19, har igwa maƙeran garin nan suka ƙera, amma yau mafi yawanmu wuƙaƙen waje muke saya a kasuwar Dole, masu ƙyalli da araha, waɗanda kaifinsu ba ya jure aikin layya.

Kafin mu yi maganar kuɗi, sai da ya tambaye ni aikin da wuƙar za ta yi, ko yanka, ko fiɗa, ko yanyana nama, sannan ya miƙo mini wani guntun itace ya ce in damƙe, ya duba inda yatsuna suka tsaya. Fiɗa da yanyana na zaɓa, saboda haka ya yi mata ciki mai ɗan lanƙwasa, bai ba ta tsini sosai ba don kada ta huda fata.

Ruwan wuƙar daga ƙarfen sifirin na tsohuwar mota ya fitar da shi, kuma a nan ne ingancinta yake. Na ga lokacin da ya zuga gawayin ƙirya har ƙarfen ya yi jawur, ya ɗauko shi da awartaki ya tsoma cikin mai, sannan ya goge bakin ya sake ɗumama shi a hankali har ya ɗauki launin kara. Ya bayyana mini cewa tsomawar ce ke taurara ƙarfe, ɗumamawar ta biyu kuma ita ke rage masa gautsi, don kada bakin ya ɓantale idan ya gamu da ƙashi. Na yi fiɗar rago da ita a sallar layya, na yanyana naman cinya falle-falle na kilishi, ban nemi dutsen wasa ba sai da aka kusa gamawa, kuma ko a lokacin ƴar gogawa kaɗan ta ishe ta. Ƙotar ta itacen aduwa ce, an kafe ta da ƙusoshin tagulla, ba ta zamewa ko da hannu ya yi maiƙo.

Akwai abubuwan da ya kamata mai saye ya sani. Irin wannan ƙarfe yana tsatsa, kuma lemun tsami ko albasa na sa shi ya yi duhu, don haka dole a wanke ta a tsane ta da zarar an gama aiki, a shafa mata man gyaɗa, musamman da damina. Kuben, wanda wani baduku ya ɗinka da jar fata, ya yi kyau a ido amma ya yi mata yawa, har takan zame idan an karkata shi. Wannan bai dace da wuƙa mai kaifi haka ba a gidan da ke da yara, shi ya sa na mayar aka tsuke bakinsa.

Kuɗinta ya ninka na wuƙar kasuwa sau da yawa, amma a ganina ta ci kuɗinta ga duk wanda ke fiɗa da kansa. Jiran ne ya fi tsawo, tun da mutumin yana da aji da yake koyarwa, kuma ba ya karɓar aikin da ya fi ƙarfin lokacinsa. Wanda ke son tasa don layya ya kai buƙatarsa tun cikin watan azumi, ya kuma nemi a gwada kuben a kan wuƙar kafin ya biya cikon kuɗi.