PARI/GP: manhajar tantance manyan lambobi ga mai son tabbas

Wanda ke son sanin halin babbar lamba, wato abin da ke raba ta da rukunin da take ciki, da wuya ya sami manhajar kyauta da ta kai PARI/GP. Henri Cohen da abokan aikinsa suka fara ta a Jami'ar Bordeaux ta Faransa. Ba ta da kwalliya ko kaɗan, allo ne kawai da wurin rubuta umarni.

Ɗauki 4294967297, wato 2^32+1. Ka rubuta factor(2^32+1), nan take za ta ba ka 641 da 6700417, rabon da masanin lissafi Euler ya gano a 1732. numdiv zai nuna lambobi 4 ne ke raba ta, sigma kuma ya ba da jimillarsu, 4301668356. Tun da jimillar ba ta kai ninki biyu na lambar ba, mai ragi ce. Gwada 8589869056: masu raba ta 34, jimillarsu daidai ninki biyu, saboda haka cikakkiya ce. Da a ce jimillar ta zarce ninki biyu, mai rara za a kira ta.

Inda manhajar ta fi burgewa shi ne batun firam, lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta. Gwajin Fermat, wata hanyar gane firam, yana yaudara: Mod(2,n)^(n-1), wato saurar da ke ragewa in an raba 2^(n-1) da lambar n da ake gwadawa, zai ba da 1 a kan 4294967297 ɗin nan kamar yadda yake bayarwa a kan firam, alhali mun ga ta rabu. Shi ya sa aka tanadi umarni biyu. ispseudoprime yana da sauri, kuma ba ya kuskure ƙasa da 2^64, amma sama da nan zato ne mai ƙarfi. isprime shi ke kawo hujja, sai dai yana cin lokaci. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, manyan firam ɗin da factor ke fitarwa gwajin ispseudoprime kawai suka tsallake, sai ka sa default(factor_proven,1) kafin ta tabbatar da su.

Kurakuran sabon shiga sanannu ne. 1e20 a wurinta lamba ce ta kimantawa, factor zai ƙi ta, rubuta 10^20. Kada ka lissafa 2^(n-1) gaba ɗaya kafin ka nemi saura, ma'ajiyar za ta cika, Mod ne maganin wannan. In ta yi ƙorafin ƙarancin wuri, default(parisizemax,"2G") yakan wadatar.

Rauninta yana bayyana idan lamba ta kai alƙaluma 100 kuma manyan firam biyu ne suka haɗa ta. A nan jira zai yi tsawo ƙwarai, gara a koma manhajojin raba manyan lambobi irin su YAFU ko CADO-NFS. Saƙonnin kuskurenta ma a taƙaice suke, sai ka saba sa alamar ? gaban sunan umarni don ganin bayaninsa.