Afisa, Safranbolu ko Sumela: wanne ya dace da mai kwanaki kaɗan a Turkiyya?

Kamfanonin yawon buɗe ido a Istanbul sukan jera waɗannan wurare uku a takarda ɗaya kamar maƙwabtan juna ne, alhali Afisa tana yamma kusa da Izmir, Safranbolu tana arewa, Sumela kuwa tana can gabas a lardin Trabzon. Wanda ya je sarin kaya kuma kwana biyu ko uku suka rage masa, gara ya zaɓi ɗaya ya gan shi da kyau.

A ganina kufan Afisa ne ya fi biyan kuɗin da aka kashe. Jirgi daga Istanbul zuwa Izmir kusan awa ɗaya ne, daga nan jirgin ƙasa yana kai mutum garin Selçuk, wanda ke kusa da kufan wannan tsohon birni. A kufan ne ɗakin karatu na Celsus yake, wanda Rumawa suka gina a ƙarni na 2, da babban dandalin da ke ɗaukar mutum kusan 25,000. Kusa da wurin akwai kogon da ake dangantawa da Ashabul Kahfi, kodayake wasu garuruwa ma suna da'awar nasu ne na ainihi, sannan ga masallacin Isa Bey na shekarar 1375. Inuwa dai ƙalilan ce, saboda haka a lokacin zafi a yi sammako.

Safranbolu ta fi sauƙi ga mai tafiya da iyali, domin gari ne mai rai wanda ake kwana a cikin tsofaffin gidajensa na katako na zamanin Daular Usmaniyya ta Turkawa. UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1994, kuma masaukin fatake na Cinci Han, wanda aka gina a 1645, zai tuna wa Bahaushe zangon ayari. Illarsa ita ce doguwar tafiyar mota, kimanin kilomita 400 daga Istanbul.

Sumela gidan ibadar sufayen Kirista ne da ke manne a jikin dutse, mita 1,200 sama da teku, kuma ba mai zama a cikinsa tun 1923. Zanen bangonsa abin kallo ne, amma akwai hawan matakala mai gajiyarwa, kuma hazo yakan rufe wurin. Kafin a biya kamfani, a tabbatar wurin a buɗe yake, a kuma tambaya ko kuɗin shiga da na ɗan jagora suna cikin farashin.