Buhun PICS na ajiyar wake: amfaninsa da inda yake bayar da matsala

Rumbun ƙasa ya daɗe yana riƙe gero da dawa a ƙauyukanmu, damman gero kan shekara a ciki lafiya lau. Wake ne ya gagare shi. Ƙwaron wake tun daga gona yake bin sa, ya saka ƙwai a jikin kwanso ko a kan ƙwayar, tsutsar ta huda ta shige ciki, kafin wata uku buhu ya koma ramuka da gari. Shi ya sa iyayenmu suke cuɗa wake da toka ko yashi ko barkono, na baya kuma suka koma ga fiya-fiya da ƙwayar fostoksin, guba a cikin abin da yara za su ci. Wanda ba ya son ko ɗaya sai ya kai kasuwa da kaka, lokacin da wake ya fi arha.

Wannan matsalar aka yi buhun PICS (Purdue Improved Crop Storage, wato ingantacciyar hanyar ajiyar amfanin gona ta Purdue) domin ta. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Larry Murdock, su suka fara gwada dabarar a arewacin Kamaru, a 2007 kuma aka shiga yaɗa shi a Afirka ta Yamma. Buhu uku ne a haɗe: leda biyu masu kauri, kowace kaurinta maikuron 80 (bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba), sai buhun saƙa na waje da ke ɗaukar nauyi. Akwai mai cin kilo 50 da mai cin kilo 100.

Babu magani ko kaɗan a cikinsa. Iska yake toshewa. Ƙwarin da ke ciki su ne ke shaƙe 'yar iskar da ta rage, idan ta yi ƙasa sai su daina ci da hayayyafa, jikinsu ya bushe su mutu. Saboda haka duk ingancin buhun ya rataya ne a kan ɗauri, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure.

Kafin a zuba komai, a buɗe kowace leda ta cika da iska, a riƙe bakinta a danna. Idan ta sace, akwai huda, a liƙe da salatif mai ƙarfi ko a canja ta. A sheƙe waken a tsince tsakuwa da guntun kara, don su ne ke tsire leda daga ciki. Sai a zuba kamar kwano biyu a leda ta farko don ta zauna, a saka ta cikin ta biyu, a saka su duka cikin buhun saƙa, a naɗe bakunan waje sannan a ci gaba da zubawa ana girgizawa. Kada a cika maƙil, a bar kamar taƙi ɗaya a sama. A matse iskar ledar ciki, a murɗe bakinta, a lanƙwasa shi biyu, a ɗaure da igiya ko robar tayar keke. Haka za a yi wa ta biyu, sannan na waje. Kowanne ɗaurinsa daban. Wanda ya haɗa ukun ya ɗaure wuri guda ya ɓata kuɗinsa.

Bushewa ma ba abin wasa ba ce. Danshin da aka kulle a leda ba shi da hanyar fita, waken zai yi fumfuna ya yi wari. A zuba busasshen gishiri da ɗan wake a busasshiyar kwalba, a rufe a girgiza a ajiye ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da waken shanya.

Idan an bi wannan, waken da aka ɗaure da kaka za a kwance shi da bazara yadda aka zuba shi, a dafa nan take ba tsoro, irinsa kuma yana tsira. Masara da dawa ma suna zama a ciki.

Amma ɓera ba ruwansa da leda, huda ɗaya ta isa ta lalata aikin. Dole a ɗora buhun a kan katako, a janye shi daga bango, ɗakin ya zama a share, rana kuma ba ta dukansa. Bai dace da wanda zai riƙa ɗiba kullum ba, na cefanen gida a ware shi a jarka mai murfi. Waken da ƙwari suka riga suka cinye ba zai gyaru ba, ɓarnar ce kawai za ta tsaya.

Ya fi buhun gama-gari tsada sosai, sai dai in an kula da ledojin yakan yi kaka uku. Abin da ya fi damuna shi ne samunsa: a kasuwannin ƙauye sau da yawa babu shi a daidai lokacin roron wake, jabu masu siririyar leda kuma sun cika gari. A saya tun kafin kaka a wurin dillalin kayan gona da aka sani, a duba tambarin PICS a jikin buhun, a taɓa ledar a ji kaurinta kafin a biya.